Mijin Hamdatu

Lahadi, 7 ga Oktoba, 1990

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Hamdatu ta sauka lafiya da hantsi. Mace. Yau ni Abdul-Mumuni na zama kaka.

Don murna rubutun ma ya karkace. Malamar da ta koya mana boko a ajin yamma a nan unguwar Barking ta London takan ce duk ranar da abu ya cika wa mutum ciki, ya zauna ya rubuta. Na haura hamsin kafin na iya riƙe biro. To yau ga amfaninsa.

Da nas ta miƙo mini ita sai na ji ba nauyi ko kaɗan, kamar an naɗe burodi a tawul. Gashi baƙi wuluk, kunnuwa irin na gidanmu. Uban bai gama iya huɗuba ba, ni na yi mata a kunne. Na rikice a tsakiya, sai da na sake daga farko. Matata Zaratu ta ce, "Alhaji, kai ka haihu ne ko 'yarka?"

Na gaya wa direban bas. Na gaya wa mai jarida a bakin tasha. Wata tsohuwar Baturiya da ban sani ba ta riƙe hannuna ta yi mini barka.

Mijin Hamdatu ya taho daga ɗakin haihuwa hannuwa a buɗe, zai rungume ni. Na ja da baya, na sunkuyar da kai, na ce barka da arziki. Ai ba a rungumar suruki. Bai sani ba ne kawai. Baturen Suwizalan ne, ɗan ƙwallo, yana tsaron baya a wani kulob a ƙetaren kogi. Ya musulunta kafin a ɗaura aure bara. Ba ni da abin faɗa a kansa sai alheri.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Suna. Katumi. Sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ban roƙa ba. Hamdatu ta ce shi ya tambaye ta sunan kakarta, ya ce shi za a sa. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Ni dai ba zan kira ta Katumi ba. Uwata ce.

Mutanenmu na zango, Hausawan Kumasi, sun cika gidan su Hamdatu na Plumstead har kan matakala. Shinkafa da wake, tuwon zafi, naman suna. Da aka zuba abinci, mijin Hamdatu ya ɗauko farantinsa ya zo ya zauna a gefena, gwiwa da gwiwa. Na tashi a hankali na koma wajen liman. Ni da surukina na Kumasi, uban Zaratu, har ya koma ga Allah ban taɓa ganin bakinsa yana tauna ba, shi ma bai ga nawa ba. Haka ake girmama juna.

Katung, mutumin Kagoro da muke aikin gadin ƙofa tare a ginin Aldwych, ya matso ya raɗa mini: "Dattijo, ka bar Reto da faranti a hannu kamar wanda alƙalin wasa ya kora." Na ce ya ci tuwonsa.

Sunan ma Katung ne ya faɗa, ni rubutawa kawai na yi. Zaratu kuwa ta samo dabara. Inusah take kiransa, sunan da liman ya ba shi, wai ai ba shi uwarsa ta raɗa masa ba, don haka babu kunya a ciki. Mata!

Asabar, 17 ga Nuwamba

Surukina ya aiko mini da tikiti biyu na wasan yau ta hannun Hamdatu. Na ba Katung da matarsa. Ina ni ina zuwa in zauna ina kallon mijin 'yata cikin gajeren wando yana birgima a taɓo, dubban mutane na zaginsa?

Na dai kunna rediyo a kicin, ƙasa-ƙasa. Kunnen doki suka yi. Mai sharhi ya ambaci sunansa, na ƙara murya, Zaratu ta leƙo, na rage.

Litinin, 19 ga Nuwamba

Katung bai bar ni na sha shayi lafiya ba. Wai surukina ba ya gudu a banza, tsayawa yake yi inda ƙwallo za ta faɗo kafin ta taso. Wai shi ke jera 'yan baya da hannu "kamar limaminku yana daidaita sahu." Ya fi ni sanin tarihinsa. Wani ƙaramin gari cikin duwatsu, uba ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya fara buga wa kulob ɗin garin tun bai fara aske gemu ba, wani babban kulob na birni ya ɗauke shi, ya yi shekaru can, daga nan sai London. Gwiwar hagu ce ta kai shi asibitin da Hamdatu ke aikin nas. Wannan ɓangaren na sani.

Na yi kamar ina duba wasiƙun bene na uku. Na ji duka.

Asabar, 9 ga Fabrairu, 1991

Dusar ƙanƙara ta rufe gari. Uwata ta yi mini dariya mai sauti, ta kama gemuna ta ƙi saki. Ba ni da sauran buƙata a duniya.

Asabar, 9 ga Maris

Gwiwar mijin Hamdatu ta sake tafiya. A rediyo na ji. Mai sharhi ya ce an ɗauke shi ranga-ranga.

Lahadi, 10 ga Maris

Asibiti. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ya nuna mini kujerar da ke kusa da gado. Na ce ba komai, nan ma ya isa. Zaratu ta shige da farfesu tana "Inusah, Inusah," kamar ita ta goye shi.

Leɓunansa sun bushe. Ƙaton mutum, ya koma ɗan kaɗan a cikin bargo.

Ina sa shi a kowace sujada. Ba wanda ya sani sai Allah, kuma haka ya kamata.

Talata, 16 ga Afrilu

Salla. Sun zo gaisuwa. Ya hawo matakalarmu da sanduna biyu, ƙafa a ɗaure. Da ya shigo falo sai ya jingine sandunan zai durƙusa, yadda Hamdatu ta koya masa. Na ga zufa ta keto masa a goshi. Na ce wa Zaratu, "A ce masa ya bari." Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta faɗa masa. Ya zauna.

Na ɗauki Uwata na fita da ita baranda, kada a ga idona.

Alhamis, 6 ga Yuni

Likita ya ce an gama. Kulob ya sallame shi. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma abin da ya iya tun yana yaro ke nan. Hamdatu ta ce wuni yake yi a gaban taga, ba um ba um-um. Ta ce, "Baba, ko za ka kira shi?"

In ce masa me? Na tura Zaratu da tuwo.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ya shiga makarantar koyon aikin koci. An kuma ba shi samarin unguwa a Plumstead yana horar da su a filin ƙaramar hukuma. Babba da shi, ya koma zaman aji da littafi, cikin Turancin da ba harshensa ba. Wannan na san shi. Na san yadda mutum ke rufe takardarsa da tafin hannu kada na kusa ya ga kuskure. Da wani ne, da na zaunar da shi na ce kada ya ji nauyin tambaya, wanda ya fi kowa tambaya a ajinmu shi ya fara iya karanta jarida.

Abin da ya faɗo mini a ciki: ranar Asabar uwar tana asibiti, uban yana fili. Uwata tawa ce duk Asabar. Bas zuwa bakin kogi, jirgin fito na Woolwich, in hau tudu in karɓe ta. Gwiwar mutum ta lalace ni kuma na samu jika. Allah ya gafarta mini, na yi murna.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na tura keken Uwata har gefen fili, na tsaya can bayan itatuwa. Yana ɗingishi a tsakiyar samari, usur a wuya. Ba ya tsawa. In ɗayansu ya yi kuskure sai ya kama kafaɗunsa ya juya shi, ya nuna masa inda zai riƙa duba. Na ga wani dogo ya sake kuskuren, ya sake juya shi, ba fushi.

Ya hango mu ya ɗaga hannu. Na juya keken muka tafi. Kada ya ji an sa masa ido a wurin aikinsa.

Asabar, 18 ga Janairu, 1992

Ta ce "Kaka." A cikin jirgin fito, a gaban jama'a. Na sa ta maimaita wa ma'aikacin jirgi. Ta ƙi. Amma ta faɗa, da kunnena na ji.

Talata, 2 ga Yuni

Ya ci jarrabawar koci. Na sa liman ya yi addu'a. Na gaya wa duk wanda ya shigo ta ƙofata a Aldwych, har manajan bene na huɗu da ba ya amsa gaisuwa.

Shi kuwa da kansa ya bugo waya. "Baba, na ci," da Hausarsa mai tsalle-tsalle. Na ce madalla, na miƙa wa Zaratu. Ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Shi ke nan? Madalla?"

To me ya fi madalla?

Asabar, 15 ga Agusta

Uwata gudu take yi yanzu. Ta gano in ta cire mini hula ta jefar zan ce wayyo, don haka wuni muka yi ana jefar da hula. Na saya mata ayaba a kasuwar Woolwich, ta ba tattabaru rabi. Ta yi barci a kafaɗata, hannuna ya mutu, ban motsa ba.

Litinin, 26 ga Oktoba

Katung ya zama ɗan gidan fili, tunda kusa da gidansa ne. Wai ba a ci samarin ba tun da aka buɗe wasannin bana. Ya ce in ji sirrin: duk ranar wasa, a ci ko a sha kashi, surukin nawa da kansa yake dafa ƙatuwar tukunyar taliya a ɗakin katako na gefen fili. Kowa ya zauna a tebur ɗaya. Ba mai tafiya gida sai ya ci, ko da ubansa na waje yana danna hon. Wasu biyu sun yi faɗa, ɗaya ya ce ba zai zauna kusa da ɗayan ba, ya ajiye shi a benci har sai da ya zauna. Haka kocin surukina na farko ya yi musu a garinsu. Wai ya ce shi bai yarda mutum na tare da shi ba sai sun ci abinci a tebur ɗaya.

Katung ya faɗi wannan yana kallona. Na ce, "Al'adar Turawa ke nan."

Ya ce, "Ƙwarai, Dattijo. Shi ɗin ma ai Bature ne."

Lahadi, 7 ga Maris, 1993

Azumi. Hamdatu ta zo ita kaɗai bayan azahar, ta zauna a ƙasa kusa da kujerata. Tun daga nan na san da magana.

Aiki biyu suka fito masa. Kulob ɗin garinsu na Suwizalan na so ya je ya zama kocin manya daga watan Yuli. A nan kuma tsohon kulob ɗinsa ya ce ya zo ya riƙe musu matasa. Na ce to ai magana ta ƙare, ga aiki a ƙofar gida. Ta ce can yake so.

Na ce saboda me?

Sai ta juya Turanci, yadda take yi in ranta ya ɓaci. Wai ya ce a London ba shi da kowa. Ya bar garinsu, ya bar addinin iyayensa, ya koyi durƙuso da gwiwa ɗaya, amma uban matarsa bai taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa cin loma ɗaya tare da shi ba. In ya hango shi a fili juyawa yake yi. Wai ba ya so 'yarsa ta girma tana ganin kakanta na tashi duk sanda ubanta ya zauna.

Na ce, "Ba ki gaya masa kunya ce ba?"

Ta ce ta gaya masa har ta gaji. Ya ce ya ji, amma shi bai ga inda ta bambanta da ƙiyayya ba. Sannan ta dawo Hausa ta ce, "Ni ma, Baba, wani lokaci ban tabbata ba."

'Yar da na haifa.

Bai ba su amsa ba tukuna, in ji ta. An sha ruwa, dabino kawai na iya ci.

Litinin, 8 ga Maris

Na duba taswirar bango a ofishin bene na biyu. Suwizalan ɗan wuri ne, babban yatsana ya rufe shi. Ba kogi tsakaninmu da za a ce a shiga jirgin fito.

Alhamis, 11 ga Maris

Mun yi da Zaratu. Na ce ni ban ga laifina ba, abin da na yi wa mahaifinta shi nake yi wa mijin 'yata, kuma mahaifinta bai taɓa cewa na ƙi shi ba.

Ta ce, "Babana ɗan zango ne, ya san me shirunka ke nufi. Wannan yaron wa zai fassara masa? Ka ɗauko kunyar Kumasi ka kawo London, ka baro mutanen da suka san ta a can."

Na ce ta sassauta murya, ana azumi.

Ta ce, "Za a tafi da Uwarka, Alhaji. Sai ka zauna ranar Asabar kunyarka ta riƙa cire maka hula."

Na ɗauki buta na tafi alwala.

Alhamis, 25 ga Maris

Salla. Na yi niyya tun daga masallaci. Na ce in ya zauna kusa da ni ba zan tashi ba.

Bai zauna ba. Ya gaishe ni daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, daidai yadda ake yi. Da aka zuba abinci ya ɗauki farantinsa ya shige kicin, ya ci a tsaye, shi kaɗai. Ina jin ƙarar cokalinsa daga falo. Wani dattijo da ya zo mana gaisuwa ya ce, "Kai Alhaji, Baturenka ya iya ladabi."

Ya koyi abin da na koya masa.

Na buɗe baki in kira shi. Sunan ya ƙi fita.

Asabar, 3 ga Afrilu

Na kai har ƙofar ɗakin katakon. Ƙamshin albasa, hayaniyar samari. Uwata tana jan hannuna, "Papa, Papa." Na ce mata mu je mu ga tattabaru.

Asabar, 17 ga Afrilu

Zan rubuta wannan yadda ya faru.

An ci samarin yau, biyu da nema. Na kalla daga bayan itatuwa. Da suka shige ɗakin katako na ɗauki Uwata a kafaɗa, na ce bismillah, na tura ƙofa.

Dogon tebur, samari da taɓo har wuya, Katung a can ƙarshe da cokali a baki. Duk suka juyo. Shi yana tsaye da ludayi. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, yana zaton wani abu ya same ta. Na ce lafiya lau. Akwai wuri a benci kusa da farantinsa, na je na zauna.

Sai ya ajiye ludayin ya ɗauki farantin zai ba ni wuri. Zai fita waje ya ci. Na kama hannun rigarsa.

Na ce, "Zauna, Reto."

Ban san muryata za ta fito haka ba, kamar ta wanda ya tashi daga jinya. Ya zauna. Ya miƙa hannu zai ɗauko mini wani faranti, na ce wannan ya ishe mu. Taliya ce da miyar tumatir, ba yaji ko ƙwaya, gishirin ma da ƙyar. Cokali mai yatsu ya ƙi ni, taliyar sai zamewa take yi. Na ajiye shi na wanke hannu a kofi na sa hannu. Ya duba, shi ma ya ajiye nasa. Bai iya ba, miya har gwiwar hannu. Samarin suka fashe da dariya, wasu suka fara gwadawa. Katung ya ce, "Yau na ga abin da zan ba matata Dinatu labari." Na ce ya ci taliyarsa.

Yana turo mini naman gefena, ina mayar masa. Idonsa ya yi ja. Na yi kamar ban gani ba, wannan kam ko Bature ya san alheri ne.

Da aka watse ya rako ni bakin fili. Ya tsaya yana murza usur ɗinsa. Rabi Hausa rabi Turanci ya ce, "Baba, na riga na amsa musu. Ranar Talata."

Na ce to.

Ya ce kulob ɗin na gab da faɗawa rukuni na ƙasa, filin da ubansa ya fara kai shi kenan yana riƙe da hannunsa, uban yanzu da sanda yake tafiya. Yana faɗa fuskarsa na wani iri, kamar ya riga ya isa can. Sannan ya tsaya. Ya ce, "Amma in ka ce in zauna, zan buga musu waya Litinin in janye. Ka faɗa kawai."

Uwata tana tsakaninmu, riƙe da wandona da hannu ɗaya, nasa da ɗayan, taliya har a kunnenta. Kalma ɗaya ce. Kuma na san zai yi.

Na ce, "Ka riga ka ce musu to. Mutane na jiranka. Ka je."

Ya ce, "Katumi fa?"

Na ce, "Ita ma tana da wani kaka a can, bai samu ko Asabar ɗaya ba."

A jirgin fito na zauna a lungu, na juya wa mutane baya.

Lahadi, 18 ga Afrilu

Zaratu ta dama mini koko, ta sa sukari fiye da yadda likita ya yarda.

Asabar, 8 ga Mayu

Yanzu a benci nake zama, Uwata a cinyata. Reto ya nuna mini yadda 'yan baya huɗu ke matsawa gaba tare a lokaci ɗaya, abokin gaba ya tsinci kansa a satar gida. In ɗaya ya makara duka sun lalace. Na ce dogon nan shi ke makara. Ya dube ni ya ce yaushe na lura? Na ce tun bara waccan. Ya ce daga ina? Na nuna masa itatuwan.

Na kawo yaji a aljihu. Samarin sun cinye shi suna hawaye.

Lahadi, 27 ga Yuni

Sun tafi.

Asabar, 3 ga Yuli

Na tashi, na yi wanka, na sa takalmi, kafin na tuna.

Asabar, 14 ga Agusta

Ba na son Asabar. Na ce wa Katung in akwai aikin ƙarshen mako a ginin a ba ni. Ya ce, "Dattijo, zo mu je fili, sabon kocin ba ya dafa komai, samarin sai tambayar ka suke yi." Ban je ba.

An aiko hoto. Tana kan kafaɗar wani tsoho mai sanda, ga dutse a bayansu fari fat. Ta riƙe masa hula. Na ba Zaratu ta ajiye.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Sun bugo bayan azahar. Uwata ta rera mini wata waƙa da Jamusanci, ban ji ko kalma ba, na ce ta sake. Sannan ta ce, "Kaka, zo." Hausar ba ta gudu ba tukuna.

An ci su Reto wasa uku a jere, mutanen gari sun fara gunaguni a shagon burodi. Na kalli kaset ɗin bidiyon da ya aiko a gidan Katung. Na gaya masa mai lamba uku ba ya waiwaya, ƙwallo kawai yake kallo, ta bayansa ake shiga. Ya ce ɗan shugaban kulob ne. Na ce ko ɗan waye, a kama kafaɗunsa a juya shi. Ya yi dariya, ya ce zai gwada. Muryarsa da gajiya. Na ce ya riƙa barci, kuma ya daina tsayuwa a kan gwiwar nan duk tsawon wasa, akwai benci.

Zaratu ta ce mun fi mata surutu.

Na nemi hutu a wurin aiki, ƙarshen Nuwamba. Ba don ƙwallo ba, Uwata zan je gani. Reto dai ya ce wasansu na ƙarshe kafin hutun sanyi a gida za su buga, kuma da wuri a benci. Na ce zan duba.

Gobe in tambayi Katung wane irin takalmi ake sawa in za a daɗe a bakin fili cikin ƙanƙara.